Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan ciwon Gwaggonki

Daura, ranar Lahadi.

Ɗiyata Hauwa'u,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Tun ranar sadakar ukun Gwaggonki maganarki take cina a rai, da kika ce ko sankarar maman da ta yi ajalinta jifa ce kamar yadda mata ke faɗa a tsakar gida, ko kuwa ke ma kin gada. Shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu sun hana ni yin shiru.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma kusan kowace tana ɗauke da kwafi biyu na rubutun umarni mai harufa wajen biliyan 3, wanda ake kira DNA. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe shi kaf, kamar almajiri yana ɗora karatu a allo. Mai kwafa kuwa ba ya rasa tuntuɓen alƙalami. Galibi jiki yana gyarawa, ko ƙwayar ta kashe kanta. Amma wasu sassan rubutun aikinsu zuga ƙwaya ta hayayyafa, wasu kuma linzami ne. Kin sha ganin doki a hawan Sallah in linzami ya kuɓuce wa mahayi. To, idan kurakurai suka taru har mai zuga ya ƙi tsayawa, linzami ya tsinke, sankara ke nan. Abin yana ɗaukar shekaru, shi ya sa ta fi kama manya.

Batun gado kuwa, biyar zuwa goma cikin ɗari na masu sankarar mama ne kawai suka gado ta. Linzamin biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda ta gaji linzamin da ake kira BRCA1 ko BRCA2 a lalace, da ɗaya mai kyau ta zo duniya, saura ɗaya ya tsinke. Kuma kada a ce miki ta wajen uwa kaɗai yake biyowa. Gwaggonki ƙanwata ce ciki ɗaya, ta wajena ma yana iya zuwa.

Abin da ya fi yi mini zafi, shekara guda ta ɓoye ƙullutun da ke mamanta saboda kunya, ana ta jiƙe-jiƙe, ni ma ban sani ba. Ke kada ki yi haka. Ki riƙa duba mamanki kowane wata bayan al'ada. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina kusa da ku, ki faɗa wa likita shekarun Gwaggonki sanda ciwon ya kama ta. Na yi wa maigidanki waya, ya ce shi zai kai ki.

Innarki tana gaishe ki. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yi miki albarka.

Babanki.