A ba mu tarihin Isma'ila Mabo tun masu labarin suna raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraron shirinku ne na tarihin fitattun mutane, kuma ina jinjina muku. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya. Kusan duk mako ɗan siyasa kuke kawo mana, gwamna ko sanata, kamar garin Jos bai haifi kowa ba sai su.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne hirar da muka yi da ɗana ranar Asabar. Ya dawo daga ƙwallo, ƙura har gira, sanye da riga mai sunan Ahmed Musa. Ya haddace ƙwallaye biyun da Musa ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018, ya san daga ƙungiyar JUTH ta Jos ya tafi Kano Pillars. Na ji daɗi. Sai na ce masa, to wane ne Isma'ila Mabo? Yaro ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Baba, ɗan siyasa ne?" Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Mabo fa ɗan garin nan ne, mai tsaron baya a Mighty Jets, ƙungiyar da ta fara lashe gasar lig ta ƙasa a 1972. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya fara ba da labarin wasanninsu, har shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Bayan Mabo ya rataye takalmi sai ya koma horarwa, kuma shi ya ja ragamar Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, zuwa gasar cin kofin duniya ta mata a Amurka a 1999. Sun doke Koriya ta Arewa da Denmark, suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A nan Brazil ta zura musu uku babu ko ɗaya, amma 'yan matan nan suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci aka fitar da su da ci 4 da 3. Ku tuna, a zamanin da mutane da yawa ke yi wa ƙwallon mata kallon wasan yara ne wannan bawan Allah ya tsaya musu tsayin daka. Ya rasu a 2023, aka yi ta'aziyya kwana biyu, shi ke nan aka yi shiru.

Haka ma marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuna sa waƙoƙinsa, mun gode, amma yara nawa suka san a Bukuru ya tashi maraya, ko cewa kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani?

Roƙona shi ne ku ware ko da mako ɗaya a wata domin 'yan wasa da mawaƙa. Akwai dattawa a Gangare da Dilimi da suka kalli Mighty Jets da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Ku aiko wakilinku da rikoda, ni zan raka shi majalisarsu bayan la'asar.

Naku mai sauraro,
daga Unguwar Rogo, Jos