Wasiƙa daga Suwidin, a kan rigar ƙarfen dakaru

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da su Baba da Inna. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Makon jiya na hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gotland, kuma tun da na dawo kai nake tunawa. Ka tuna ranar hawan Sallah da Kaka ya bar mu muka ɗaga sulkensa, mu biyu muna nishi? A garin Visby na ga wata rigar yaƙi da ba sulke ba ce, ba kuma lifidi ba. Riga ce ta fata ko yadi mai kauri, a jera fallayen ƙarfe ta ciki, a kafe kowanne da ƙusa. Daga waje ba abin da ido zai gani sai kawunan ƙusoshin. Waɗanda na gani fatar ta ruɓe tun tuni, saura ƙarfen, ja wur da tsatsa, kowane falle ya hau gefen ɗan'uwansa kamar ɓawon kifi.

Daga kabari aka tono su. Ranar 27 ga Yuli, 1361, Sarkin Denmak Valdemar ya gamu da manoman tsibirin a bakin ganuwar garin, aka kashe kusan mutum 1,800. Lokacin zafi ne, gawarwaki suka fara lalacewa, sai aka zuba wasu cikin rami da kayan yaƙinsu a jiki, abin da ba a saba yi ba don ƙarfe na da tsada. Tonon da aka yi tsakanin 1928 da 1930 ya fito da irin wannan riga sama da 20. Na daɗe tsaye gaban wani ƙoƙon kai da har yanzu hular sulke ke manne da shi. Cikin mamatan akwai tsofaffi da yara matasa, kuma yawancin saran a ƙafa yake, inda rigar ba ta kai ba. Wallahi sai da idona ya ciko.

Daga baya maƙera suka ƙanƙanta fallayen, suka ninka yawansu har ɗaruruwa, rigar ta koma tana lanƙwasa da jiki, mutum ya sa abinsa da kansa ba sai da bara ba. Masu hali kan rufe tasu da karammiski, a shafa wa ƙusoshin ruwan zinariya, a jera su uku-uku. Wannan ita ake kira birigandin, kuma sunan ne ya hana ni barci.

Yau in ka ce brigand a Ingila ko Faransa, ɗan fashi kake nufi, shi ya sa wasu ke zaton rigar 'yan fashi ce, wai don tana ɓoye ƙarfe a ƙarƙashin yadi. Ba haka ba ne. Kalmar daga Italiya ta fito: briga rigima ce, brigante kuwa mai shiga faɗa, wato dakare, sojan ƙasa marar doki. Rigar dakaru ke nan, ba wani abu ba. Abin da ya ɓata sunan shi ne sojan haya. A 1360 Ingila da Faransa suka yi sulhu a Brétigny, aka sallami dubban mayaƙa ba albashi, ba gona, ba sana'a sai takobi. Suka haɗa ƙungiyoyi suna cin ƙauyuka, har Fafaroma da ke zaune a Avignon sai da ya ba su kuɗi suka matsa. Manomin da aka ƙone masa rumbu ba ya bambance dakare da ɓarawo, kuma ban ga laifinsa ba. A hankali kalmar ta rikiɗe. Amma raina ya sosu da na tuna manoman Gotland da suka faɗi a Visby, waɗanda suka sa kakar wannan riga don kare gonakinsu, shekara ɗaya tak bayan wancan sulhu.

Akwai kuma gunkin Maurice, wani waliyyin Kiristoci, a babban cocin Magdeburg na Jamus, wanda aka sassaƙa wajen 1250. Yana cikin mafi daɗewar siffofin rigar fallayen ƙarfe a Turai, kuma baƙar fata ne sak mai sanye da ita. In Allah ya yarda can zan nufa in an yi hutu.

Ina da roƙo. Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Don Allah ka tambayi Kaka ko ya taɓa jin an sa ƙarfe a cikin lifidi, sannan ka ɗauko mini hoton zobban sulken nan daga kusa, ina so in ga ko da ƙusa aka rufe bakinsu. Ka ce masa ina gaishe shi, ina neman addu'a.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka