Wasiƙa daga tsibirin Vava'u na ƙasar Tonga kan gonar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ka gaishe mini da Inna, ka shaida mata cewa tarin nan ya daɗe da warkewa.

Dalilin rubuto wannan takarda shi ne labarin da ya iso mini cewa Auta yana neman mai sayen gonar Baba ta bakin fadama domin ya sayi babur. Ban amince ba, kuma ina so ka faɗa masa haka a gaban Kawu.

Labarin ya same ni ne a makon da Sarki Tupou na 6, wanda yake kan karagar Tonga tun 2012, ya zo Neiafu, babban garin Vava'u, buɗe bikin baje kolin amfanin gona. Yaya, na ga doyar da suke kira ufi, wata ta fi hannuna tsawo, an jera ta tare da rogo da gwaza da dankali, ga kifi rataye a rumfuna. Kowa ya ɗaura 'yar tabarma a ƙugu, wadda suke kira ta'ovala, kuma da Sarki ya matso sai jama'a su zauna ƙasa, domin a wurinsu tsayawa a kan babba rashin ladabi ne. Wani dattijo kusa da ni ya yi ta share ƙasar jikin doyarsa da tafin hannu har Sarki ya iso rumfarsa. Baba kawai na tuna.

A nan doka ta hana sayar da fili, kuma namiji da ya kai shekara 16 yana da haƙƙin neman a yanka masa gona. Mu kuwa da muka gada, babur za mu musanya da ita?

Na san ni ne na tafi na bar muku ɗawainiya, ko bikin ƙanwarmu ban halarta ba. Ina nan lafiya, sai dai yawan cin naman alade a nan ya sa kifi da rogo ne abincina kullum, kuma na saba.

Kuɗin da na turo ranar Talata ka raba su uku: taki, maganin Inna, da kuɗin makarantar yara. Kada ko sisi ya shiga hannun Auta, kuma takardun gonar su zauna a akwatinka. Idan za ka kira, ka tuna muna gabanku da awa 12.

Wassalam,
Ƙaninka.