Kunnen Baba ne ko gigin tsufa?

Assalamu alaikum Likita, Allah shi ƙara basira. Ni mai sauraren shirinka ce daga Mabera nan Sakkwato, kuma zancen mahaifina ne ya hana ni barci.

Baba shekarunshi 74, ya yi sama da shekara 30 yana aikin injin niƙa, ƙarar nan tun safe har magariba. Da farko rediyo ce yake ƙurewa har maƙwabta su ji labaran BBC tare da mu, muna ta dariya. Yanzu kam sai ka sa baki ga kunnenshi. A masallaci sai ya ga mutane sun duƙa sannan shi yi ruku'u don bai jin kabbarar liman. Kwanan baya wani ya zo yana mishi bayanin rasuwar abokinshi, Baba ya yi murmushi ya ce madalla, wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya da tausai. Tun ranar ya daina zama majalisa bayan la'asar, ɗaki kawai, shi da tazbaha.

To abin da ya tada min hankali mantuwa ce. Sai ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ran Juma'a ya kasa tuna sunan jikanshi da aka yi ma takwara da shi. Yayyena sun ce gigin tsufa ne a bar shi da addu'a, ni kuma ina ganin kunnen ne ya jawo, don kahin shi toshe Baba lissahin kuɗin niƙa da ka yake yi ba biro ba takarda. Ƙanena da ke karatun jinya ya ce in kunne bai kai magana da kyau, ƙwaƙwalwa na ƙarar da ƙarfinta wajen cankar abin da aka ce har ta rasa na ajiyewa, kuma zaman kaɗaici na ƙara dakushe ta. Ya ce wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka a 2011 ya nuna masu kurumta mai tsanani haɗarin ciwon mantuwa gare su ya kusa ninki biyar. Tun da na ji haka jikina ya yi sanyi.

Mun ɗiga man zaitun, mai ƙwaƙular kunne ma ya zo, ba canji. Shin mu kai shi sashen kunne na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a yi gwajin ji tukuna, ko likitan ƙwaƙwalwa za mu fara gani? In munka haɗa kuɗi munka sayi na'urar nan ta maƙalawa ga kunne, tana iya maido abin da ya tahi ko dai tsai da sauran kawai? Kuma ya zan lallashe shi, don ya rantse ba ya sa ta, wai yara su riƙa ce mishi kurma a unguwa.

Na gode, Allah shi saka da alheri.

'Yarka daga Mabera