Daga na saka muryar Babanmu shikenan na zama marar tarbiyya

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah ki ɓoye sunana, wallahi ina rubutun nan hannuna na rawa.

Babanmu ya rasu ana saura kwana tara azumi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Tela ne a Tudun Wada nan Zariya, sama da shekara 30 yana kan kekensa Butterfly, duk kayan sallar jikokinsa shi ke ɗinkawa, bana ma ya yanka atamfar 'yata bai kai ga haɗawa ba, har yanzu tana nan a leda na kasa kai wa kowa. Anti gidanmu gidan dariya ne, duk unguwa an sani. In aka yi isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, shi Bazazzagi Mama Bakanuwa, kin san wasan da ke tsakani, in ta ce kanta na ciwo sai ya ce to ai ku Kanawa ko da me aka zo kun fi, har ciwon kai, ita kuma ta rama, mu muna ta faɗuwa. 'Yata kuwa amaryata yake ce mata, ya ce ta cika rowa zai sake ta.

To abin da ya faru, washegarin sallah aka yi sadakar arba'in. Bayan an watse muna ɗakin Mama, tana takaba, tun rasuwar ba ta wani cin abinci, ta rame idonta ya faɗa. Sai yarinyar ta ce Momi sa min angona. Wani saƙon murya ne da ya taɓa turo min a WhatsApp, sakan 40 ne kacal, yana cewa a gaya wa amarya in ba ta aiko da tuwo ba ya fasa auren, a dawo masa da sadakinsa naira biyar, sannan ya yi wannan dariyar tasa mai haɗe da tari. Na saka. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce sake sawa. Wallahi ita ta ce in sake.

Sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta banko labule. Matar da lokacin da yake kwance a asibiti sau biyu kawai ta leƙo, ni ce na kwana sha ɗaya a kan tabarma a gefen gadonsa, amma ita ce ta ce wai ƙasa ba ta gama bushewa ba muna shewa, dama gado muke jira, wai mun sa mai takaba ƙyaƙyata. Wane gado Anti, keken ɗinki? Dama can ba ta ƙaunar Mama, tun muna yara fuskarta kamar an aiko mata da mutuwa, Baba ne kawai ke iya sa ta murmushi.

Na manta ban faɗa ba, na dai mayar mata da magana ɗaya, na ce da kin damu da shi da mun gan ki a asibiti. Na san ba daidai ba ne amma ai ita ta fara, kuma a gaban yarinya. Yanzu Yaya babban wanmu ya cire ni daga guruf ɗin gida, ya ce sai na je har gidanta na durƙusa, kuma in goge saƙon don yana tayar wa Mama da hankali. Alhali ranar ce kaɗai Mama ta cinye abincinta. Maigidana ya ce in bi Yaya a zauna lafiya, shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Ni a islamiyya an koya mana zaman makoki kwana uku ne, sai matar mamaci wata huɗu da kwana goma, ban taɓa jin an ce dariya haramun ce a ciki ba, ko akwai? Jiya na je gidan shiru kamar ba kowa, tabarmar ma an naɗe an jingine bayan ƙofa, ko minti talatin ban iya yi ba na fito.

Haƙurin zan iya bayarwa ko don Mama, duk da ban ga laifina ba sosai. Amma gogewar fa Anti? Ba ni da wata muryarsa sai wannan, kuma Yaya ya ce ranar Juma'a zai karɓi wayar ya duba da kansa. Ya zan yi?

Taku, wata baiwar Allah daga Zariya