Yaya dan Allah kar a taɓa ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kuna lafiya ke da yara da Abbansu, ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ni lafiya lau sai sanyi da aikin dare, Alhamdulillah.

Abin da ya sa na zauna rubuto maki wannan doguwar takarda, ranar Asabar da ba ni da aiki wata abokiyar aikina ta ja ni wani gidan tarihi nan Landan, a unguwar Hoxton bisa titin Kingsland, bayan tashar jirgin ƙasa kaɗan. Museum of the Home sunanshi, kuma kyauta ake shiga, shi ya sa ma na yarda na bi ta, kin san ni da kuɗi. Ni na zata irin su takubba da rigunan sarauta zan gani, kamar yadda mu in an ce tarihi sai a nuna maka Gobarau ko rijiyar Kusugu. Ashe ɗakuna ne kawai Yaya, falon mutane masu rufin asiri, 'yan kasuwa da ma'aikata, an jera su ɗaya bayan ɗaya kina tafiya kina leƙawa kamar mai zagayen ganin ɗakin amare.

Ginin kanshi tun 1714 yake, gidan tsofaffi marasa galihu ne aka yi da dukiyar wani attajiri Robert Geffrye, sai 1914 aka maida shi gidan tarihi. Mutumin kuma ya ci riba da cinikin bayi, sun rubuta hakan ba su ɓoye ba, gunkinshi na nan saman ƙofa ana ta rigima a kai. Na dai ɗaga kai na kalle shi na wuce.

Ɗakin farko na 1630 ne, duhu-duhu, bango duk katako, ga tabarma a ƙasa, wallahi tabarma, su ma sun yi zamaninta. In kin matsa gaba sai ki ga an fara shigo da madubi da labule da kayan shayi, lokacin ganyen shayi tsada gare shi har akwati ake sa shi a kulle, uwargida ta riƙe makulli, na ce ashe ba Goggo ta fara kulle sukari ba. Na shekarun 1870 kuwa tarkace ya yi yawa, ko wurin aje ƙafa babu.

Wanda ya tsaida ni shi ne na 1978, falon wasu baƙaƙen fata 'yan Karebiyan da suka zo ci-rani ƙasar nan. Furannin roba, ɗan saƙa bisa kujeru, hotuna cike da bango, babban akwatin rediyo mai garmaho, ga kabet na gilashi shaƙe da kofuna da tangaran waɗanda kana gani ka san ba a taɓa shan ko ruwa da su ba, na ado ne da fita kunyar baƙi. Na yi tsaye na kasa gaba, sai ga hawaye, abokiyar tawa tana ta tambaya lafiya, mi zan ce mata? Ɗakin Hajiya kawai nake gani, jerenta na samira da fanteka tun daga ƙasa har rufi, tasoshin da take sa mu gogewa da toka da tsamiya duk jajibirin sallah muna ƙunƙuni, gadon ƙarfe mai rumfa, adudun nan da ke warin turaren wuta in an buɗe, da fitilar ƙwan da ba ta yarda kowa ya taɓa.

To ranar nan a waya na ji Kawu na cewa tunda an yi arba'in a kira 'yan gwangwan su kwashe kwanukan a gyara ɗakin a sa tayil. Lokacin ban ce komi ba don ba na son a ce na yi rashin kunya daga nesa, amma abin na raina. Nawa za su ba da? A kilo fa za su auna, kuɗin ko buhun masara ba zai saya ba. Jeren Inna haka ya tafi, yau yaranki ko sunan langa ba su sani ba.

Dan Allah ki samu Kawu cikin lalama, ki ce ni zan biya abin da ya kama na rabon kowa, a kira malam ya ƙiyasta yadda ya dace don kar a shiga haƙƙin magada. In ɗakin ake buƙata a maida kayan ɗakina na gidan Baba, amma kafin a sauke ko faifai ɗaya ki sa auta ya ɗauki hoto da bidiyo ta kowane ɓangare, yadda ta jera su da hannunta, don in an sauke ba mai iya maidawa daidai. Ki tambayi Inna kuma wanne ne na auren Hajiya wanne ta sayo a Makka, ki yi mani rikodin muryarta a WhatsApp.

Kuɗin maganin Inna na tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ki gaida Goggo da mutanen Rafindaɗi, in an samu mai tahowa a saƙo mani kuka da daddawa, tawa ta ƙare tun azumi.

Ƙanwarki.