Ina zargin ana noman wiwi a sashen da ke manne da namu, maigidana ya hana ni kai rahoto

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana da na garin da nake, domin Hausawan nan ba mu da yawa, ana karantawa za a gane ni.

Ina zaune a Ingila da maigidana da yaranmu biyu, a gidan haya na bene mai sassa da yawa. Bango ɗaya ne ya raba ɗakin kwanan yarana da sashen da zan yi miki magana a kansa. Jiya da daddare muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba da Abban yara saboda wannan sashe, har ya ce idan na kuskura na kira hukuma to in san inda dare ya yi min. Ban runtsa ba.

Da can wata tsohuwa ce a ciki, Baturiya, mutumiyar kirki, takan ajiye mana saƙo idan ba ma nan, ni kuma ina sauke mata shara saboda ciwon gwiwa. Da jikinta ya yi rauni 'ya'yanta suka mayar da ita gidan kula da tsofaffi, irin wurin da ni ma nake aikin dare. Aikin nan ne ya sa nake ganin abin da sauran mutanen gidan ba sa gani, don lokacin da nake fita ko nake dawowa kowa yana barci. Ba leƙen asirin kowa nake yi ba, Allah shi ne shaidata, hanyata ce ta bi ta ƙofarsu.

Waɗanda suka kama sashen bayanta ban taɓa ganin sun shigo da gado ko kujera ba. Abin da na gani da idona, cikin dare, buhuna ne masu kama da na taki, da baƙaƙen tukwanen roba, da wasu manyan bututu masu sheƙi. Ba a jima ba suka toshe tagoginsu gaba ɗaya da baƙar leda, amma ta gefe haske mai ƙarfi yana tsartuwa. Gilashin kullum yana zufa. Ga ƙugin fanka ba dare ba rana. A tsakiyar hunturu, idan ka ɗora hannu a bangon ɗakin yarana sai ka ji ɗumi, alhali ba mu kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Sai kuma warin. Anti, na san warin hayaƙin wiwi, matasa suna shan ta a bakin titi. Wannan daban ne, ɗanyen wari ne mai nauyi da yake kama labule da kayan makarantar yara.

Ƙaramar 'yata tana da asma. Tun da funfuna ta fara fitowa a kusurwar bangon nan tarinta ya ƙaru, abin shaƙarta ba ya daɗewa ya ƙare. Da na gaya wa Abbansu sai ya ce sanyi ne. Komai sanyi ne a wurinsa.

Wata abokiyar aikina da ta daɗe a ƙasar ta ce duk alamun da na lissafa na gonar wiwi ne. Ta ce manyan fitilu suke kunna wa shukar, awa 18 a rana tun tana ƙarama, idan za ta yi fure su mayar awa 12, kuma bayan kamar wata uku su girbe su sake zubawa. Saboda wutar da fitilun ke ci, sai su tsallake mita su jona waya kai tsaye, kuma daga nan gobara take tashi. Wannan ne ya fi tayar min da hankali. Matakala ɗaya ce a gidan nan, kuma sai ka wuce ƙofarsu kafin ka kai gare ta. Ni ina wurin aiki da dare, shi kuma Abban yara idan ya kwanta ko ganga ake bugawa ba ya ji. Ban manta abin da ya faru a Newcastle a watan Oktoba na 2024 ba, inda gida ya tarwatse cikin dare saboda iskar gas da ake sarrafa wiwi da ita a ɗaya daga cikin sassan, yaro ɗan shekara 7 ya rasu yana barci a sashen iyayensa. Wanda ya yi aikin an ɗaure shi shekara 14 a 2025, amma me ɗaurin ya dawo wa uwar da shi?

Na manta ban faɗa miki ba, na taɓa yi wa wakilin mai gidan hayar magana a kan danshin bangon. Danshi kawai na ce, ban ambaci wiwi ba. Bayan haka ne wani daga cikin mutanen, mai zuwa da baƙar mota, ya tare ni a matakala, ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko yarana suna lafiya. Bai taɓa gaishe ni ba sai ranar. Mutumin da idonsa babu ɗigon imani, me ya haɗa shi da lafiyar yarana? Abbansu ya ce gaisuwa ce kawai, ni ce na cika fassara. To wa ya gaya masa ina da yara a ɗakin da ke jikin nasu?

Hujjar maigidana ita ce mu baƙi ne, bizarmu ta aiki ce, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya ce da zarar sunanmu ya shiga takardar 'yan sanda za a dinga kiranmu kotu ba da shaida, kuma mutanen za su gane mu ne tunda mu muka fi kusa. Ya ce wataƙila ma magani ne. Na ce masa tun 2018 aka halatta wa ƙwararrun likitoci rubuta wiwi ga wasu marasa lafiya, amma ba a ba kowa damar shuka ta a ɗakinsa ba. A dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971 wiwi tana rukunin B, noma ta kuma zai iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Sai ya koma cewa zato zunubi ne, ga haƙƙin maƙwabtaka. Anti, maƙwabcin da ya kwantar da 'ya'yana a jikin wayar wuta mai zafi, shi ina nasa kiyaye haƙƙin? Ni ban taɓa kai ƙarar kowa ba a rayuwata. Na yi haƙuri da hayaniya, na yi haƙuri da karnukan mutane, ban ce uffan ba.

Akwai wani yaro kuma. Matashi ne siriri, na hango shi ta ƙofa lokacin da mai baƙar motar ya shigar da ledar abinci. Ban taɓa ganin ya fito ba, kuma ina jin ƙarar kulle ƙofar daga waje idan mutumin zai tafi. A horon da ake ba mu a wurin aiki an koya mana dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015, an ce sau da yawa masu kula da irin waɗannan gonaki safararsu aka yi daga ƙasashe irin su Biyetnam, ana riƙe su da bashi. Idan na yi magana, shi za a tarar a ciki, manyan kuma su sulale. Idan na yi shiru, yana nan a kulle, kuma ranar da wuta ta tashi shi ne na farko.

Na san lambobin. 999 ta gaggawa ce, 101 ta abin da ba na gaggawa ba. Akwai kuma Crimestoppers, ƙungiya mai zaman kanta da ke karɓar rahoton laifuka, a 0800 555 111, ba sa tambayar suna kuma ba sa naɗar murya. Abokiyar aikina ta ce in kira su daga wurin aiki, babu wanda zai sani, har Abban yara. Sai dai ranar da 'yan sanda suka fasa ƙofar nan, kallo ɗaya zai yi min ya gane. Ban taɓa ɓoye masa komai ba tun aurenmu, kuma jiya ya furta da bakinsa cewa bai yafe ba idan na yi. Ya ce mu nemi wani gida mu tashi, alhali ya san yarjejeniyar hayarmu da saura, kuɗin ajiyar sabon gida ma ba mu da shi. Ko mun tashi, sauran iyalan da ke saman bene fa?

Anti, ki gaya min gaskiya, idan na kira ba da saninsa ba na saɓa wa Allah? Ko in nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, duk da hakan na nufin maganar ta fita? Na mayar da katifun yara falo tun daren jiya, shi ma bai ji daɗin hakan ba. Gobe ina da aikin dare kuma ban san ko zan iya fita in bar su ba. Don Allah a taimaka min da amsa da wuri.

Taku a kullum, Maman yara biyu, daga Ingila.